BABI NA BAKWAI: KOYAR DA KWATANTA ƁANGARORI MASU LAMBAR ƘASA ƊAYA A ƘANANAN AZUZUWAN FIRAMARE

7.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an tattauna a kan yadda ake koyar da ƙidaya da Hausa. Wannan babi zai ɗora daga nan, inda za a dubi yadda ake koya wa yara su kwatanta ɓangarori biyu masu lambar ƙasa ɗaya, kamar 2/5 da 3/5, su faɗi wanda ya fi yawa, su kuma kawo dalili.

Mai yiwuwa ɗalibi ya tambayi abin da ya haɗa malamin Hausa da lissafi. Amsar ita ce, wanda ya kammala karatun NCE aka tura shi makarantar ƙauye a ƙananan hukumomin Anka ko Gummi ko Bukkuyum, sau da yawa shi ne malamin aji, kuma shi zai koyar da karatu da rubutu da lissafi duka. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, a bugunta na 2004, ta tanadi a koyar da yaro da harshen muhallinsa a shekaru uku na farkon firamare. A 2022 aka faɗaɗa tanadin zuwa shekaru shida, sannan a watan Nuwamba na 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da komawa ga Ingilishi. Ko wace manufa ce ke aiki, yaro ɗan shekara takwas a ƙauyen Dareta da Hausa yake tunani, kuma ta cikinta malami zai fi saurin isa ga hankalinsa.

7.1 Manufar Babi

A ƙarshen wannan babi ana sa ran ɗalibi zai iya:
(a) bayyana aikin lambar sama da na lambar ƙasa;
(b) kawo sunayen ɓangarori na Hausa daga rabi zuwa ushuri;
(c) faɗin sharuɗɗan da ke sa kwatanci ya inganta;
(d) zaɓen kayan koyarwa da suka dace da muhallin makarantarsa;
(e) shirya darasi na minti 35 a kan wannan batu.

7.2 Ma'anar Ɓangare

Idan aka ɗauki cikakken abu guda aka raba shi kashi-kashi daidai wa daida, sannan aka ɗebi wasu daga cikin kashin, abin da aka ɗiba shi ake nufi da ɓangare a wannan babi. Ana rubuta shi da lambobi biyu da ɗan layi a tsakaninsu. Wannan layi ya daɗe. Ana samun sa a rubuce-rubucen Al-Hassar, masanin lissafi na ƙasar Maroko a ƙarni na 12, kuma ya bayyana a Turai cikin littafin da Fibonacci ya rubuta a 1202.

Lambobin biyu kowace da aikinta. Lambar ƙasa tana faɗin kashi nawa aka raba abin, don haka ita ke nuna girman kowane kashi. Lambar sama kuwa tana faɗin kashi nawa aka ɗiba. Wato dai lambar ƙasa suna ce, lambar sama ƙidaya ce. Duk abin da za a faɗa a sauran babin a kan wannan jumla ya dogara, kuma malamin da bai riƙe ta ba zai koyar da hadda ne kawai.

7.3 Sunayen Ɓangarori a Hausa

Hausa tana da sunaye na musamman ga ɓangarori. In ban da rabi, sauran an aro su ne daga Larabci ta hanyar karatun fiƙihu, musamman babin zakka da na rabon gado. Ga su: rabi (1/2), sulusi (1/3), rubu'i (1/4), humusi (1/5), sudusi (1/6), subu'i (1/7), sumuni (1/8), tusu'i (1/9), ushuri (1/10). Akwai kuma kwata, wadda aka aro daga Ingilishi, ana amfani da ita a madadin rubu'i, musamman wajen faɗin lokaci, kamar a ce ƙarfe biyu da kwata.

Saboda haka ana iya karanta 3/5 ta hanyoyi uku:
(a) uku bisa biyar;
(b) kashi uku cikin biyar;
(c) humusi uku.

Hanya ta farko ita ta fi yawo a makarantu, amma ita ce mafi ƙarancin amfani ga mai koyo, domin abin da take faɗa kawai shi ne wata lamba tana zaune a kan wata. Hanya ta biyu tana nuna cewa an yi rabo. Hanya ta uku kuwa tana da wani alfanu da ya kamata malamin Hausa ya fi kowa lura da shi. A nahawun Hausa suna ne ke fara zuwa, adadi ya biyo baya: awaki uku, dami huɗu, mudu biyar. Da aka ce humusi uku, an bi wannan tsari ke nan. Humusi shi ne sunan abin da ake ƙirgawa, uku shi ne adadinsa. Yaron da ya san awaki uku sun fi awaki biyu, ba zai sha wahalar gane cewa humusi uku ya fi humusi biyu ba.

Sai dai kada malami ya ɗauka cewa yara sun san waɗannan sunaye tun daga gida. Yawancinsu rabi da kwata suka sani, wasu kuma sun taɓa jin sulusin dare ko ushuri a bakin manya. A shigo da sabon suna ɗaya ko biyu a kowane darasi, kuma sai bayan yara sun ga kashin da idonsu. Haka kuma, a yammacin Zamfara za a ji yaro ya ce biyat da shidda, kamar yadda karin harshen yamma ya tanada. Malami ya karɓi wannan a baka ba tare da tsangwama ba, amma a kan allo ya rubuta biyar da shida bisa ƙa'idar daidaitacciyar Hausa.

7.4 Dalilin Ba Wannan Darasi Muhimmanci

Za a iya ganin kamar darasin ƙarami ne, alhali shi ne tushen duk wani kwatanci na ɓangarori. Mu ɗauki misali daga rabon gado. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya da uwa da uba da ɗa namiji ɗaya. Matar tana da sumuni, uwa tana da sudusi, uba yana da sudusi, ɗan kuma ya ɗauki abin da ya rage. To, tsakanin matar da uwar wa ya fi samu? Wanda bai ƙware ba zai ce matar, tunda takwas ta fi shida. Malaman gado ba sa yanke hukunci a haka. Sukan nemi abin da suke kira asalin mas'ala, wato lamba ɗaya da za ta zama lambar ƙasa ga kowa, wadda a nan ita ce 24. Sai rabon matar ya zama 3/24, na uwa 4/24, na uba 4/24, na ɗan kuma 13/24. Da lambar ƙasa ta zama ɗaya, sai magana ta koma ƙidaya: huɗu ta fi uku, don haka uwa ta fi matar samu.

Wannan misali na malami ne, bai dace da yaran aji uku ba. Abin da yake nunawa shi ne, matakin ƙarshe na wannan babban lissafi shi ne ainihin abin da ake koya wa yaro a wannan darasi. Idan harsashin ya karkace tun a firamare, wata rana haƙƙin wani ne zai salwanta a wurin rabon gona ko fitar da zakka ko rabon riba tsakanin abokan sana'a.

7.5 Sharuɗɗa Biyu na Kwatanci

Kafin a ce wanda lambarsa ta sama ta fi girma shi ya fi yawa, dole ne sharuɗɗa biyu su cika.

Sharaɗi na farko shi ne kashin su zama daidai wa daida. Idan aka ɓare goro gida biyu, ba lallai ne kowane ɓari ya zama rabi ba, domin wani yakan fi wani. Haka gaɓoɓin rake, na gindi da na sama ba tsawonsu ɗaya ba. Irin waɗannan abubuwa suna da amfani wajen nuna wa yara abin da bai cancanci a kira shi rabi ko rubu'i ba.

Sharaɗi na biyu shi ne cikakken abin da aka raba ya zama girmansa ɗaya a ɓangarorin biyu. Rubu'i uku na tiyar gero bai kai rubu'i ɗaya na buhun gero ba, ko da yake uku ta fi ɗaya. Yaran karkara sun san wannan sarai, domin ana aikensu awo, sun kuma san cewa tiyar wata kasuwa ba lallai ta yi daidai da ta wata ba. Aikin malami shi ne ya jawo wannan sani daga kasuwa zuwa aji, ta hanyar yawaita tambayar: "Rubu'in mene ne?"

7.6 Zaɓen Kayan Koyarwa: Darasi daga Dareta

An saba ba ɗalibai masu koyon aikin malanta shawarar su yi amfani da abin da ke muhallinsu, su sa yara su tsinto tsakuwa don ƙidaya, ko su zauna a ƙasa su yi zane a cikin rairayi. Shawarar tana da kyau a wurare da dama, amma akwai inda take da haɗari, kuma Dareta tana cikinsu.

A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitoci masu ba da agaji ta MSF ta gano cewa ƙananan yara suna mutuwa fiye da kima a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Bincike ya nuna gubar dalma ce. Duwatsun da ake haƙowa don neman zinariya suna ɗauke da dalma mai yawa, ana kuma kawo su cikin gari ana dakawa ana niƙawa, har a tsakar gidaje, ƙurar tana zuba inda yara ke wasa da cin abinci. Binciken da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta gudanar tare da hukumomin Nijeriya a ƙauyuka biyu na yankin a 2010 ya nuna cewa yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu a cikin shekara guda, wato kimanin rubu'insu. An ƙiyasta cewa yara fiye da 400 ne suka rasu a annobar baki ɗaya. A watan Yuni na 2010 aka fara kwashe gurɓatacciyar ƙasa a Dareta da 'Yargalma, aka yi na Bagega a 2013.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadi na dalma a jinin yaro da za a ce ba ya cutarwa, kuma tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta rage natsuwa da saurin fahimta. Daga nan malami zai ɗauki abubuwa biyu. Na farko, a duk garin da ake sarrafa dutsen zinariya, kada ya sa yara tsinto duwatsu ko ɗebo ƙasa don darasi, kada kuma ya karɓi buhu ko kwanon da aka yi aikin ma'adini da shi. Ya yi amfani da takarda, da karan dawa mai tsabta, da igiya, da marafan kwalba da aka wanke da sabulu, ya kuma sa yara su wanke hannu kafin cin abincin tara. Na biyu, idan ya ga yaro yana jinkirin fahimta, kada ya kira shi daƙiƙi, kada kuma ya yanke masa hukuncin ciwo, domin wannan aikin ma'aikatan lafiya ne. Nasa shi ne ya gajarta matakai, ya maimaita, ya bar abin a hannun yaron ya daɗe yana juya shi.

7.7 Matakan Koyarwa

Masanin ilimin halayyar koyo ɗan Amurka, Jerome Bruner, ya bayyana a 1966 cewa mai koyo yakan kama ilimi ta hanyoyi uku: ta aiki da hannu, ta hoto, sannan ta alama. Wannan jeri ya dace ƙwarai da darasinmu.

Mataki na farko, aiki da hannu. A ba kowane yaro dogon yankin takarda, duka tsawonsu ɗaya. Idan aka ninke sau biyu za a sami kashi huɗu, idan aka ninke sau uku za a sami takwas. Shi ya sa ya fi sauƙi a fara da rubu'i da sumuni. Kashi uku da biyar suna da wuyar ninkewa, don haka malami ya auna kara ya yanka tun daga gida.

Mataki na biyu, hoto. A zana dogayen akwatuna biyu a kan allo, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, gefunansu a daidai, a raba kowanne kashi takwas, a shafe uku a na sama, biyar a na ƙasa. Akwati ya fi da'ira sauƙi, domin yaro ba ya iya raba da'ira daidai. Daga baya a ɗaure igiya tsakanin kujeru biyu, a yi mata ƙulli a tazara ɗaya, farkonta ya zama sifiri, ƙarshenta ya zama ɗaya, don yara su ga cewa ɓangare lamba ne mai mazauni.

Mataki na uku, alama. Sai a nan ne za a rubuta 5/8 > 3/8. Alamomin > da < sun fara bayyana ne a littafin Thomas Harriot na ƙasar Ingila, wanda aka buga a 1631. A lura cewa yawancin yaranmu suna zuwa makarantar allo, inda ake karatu daga dama zuwa hagu, don haka wasu za su karanta jumlar lissafin ta baya. A koya musu cewa bakin alamar kullum yana buɗewa ne ta wajen mai yawa, tsininta kuma yana nuna ƙarami, sannan a boko daga hagu ake farawa.

7.8 Samfurin Darasi

Aji: Uku. Lokaci: minti 35. Kayan aiki: yankunan takarda masu tsawo ɗaya, fensir, allo da alli. Ilimin baya: yara sun san rabi da rubu'i.

Gabatarwa (minti 5): Malami ya ninke takarda sau biyu, ya tambayi sunan kowane kashi.

Gabatar da darasi (minti 20): Yara su zauna bibbiyu, kowa ya ninke takardarsa sau uku ya buɗe ya ƙirga. Malami ya gaya musu cewa kowane kashi sunansa sumuni. Ɗaya ya shafe sumuni uku, ɗayan ya shafe biyar, su jera takardun. Tattaunawar za ta iya kasancewa kamar haka:

Malami: Yara, wa ya fi shafe wuri mai yawa?
Yara: Mai biyar, Malam!
Malami: Biyar ɗin mene ne?
Wata yarinya: Sumuni biyar, Malam.
Malami: Madalla. To, sumunin abokinki ya fi naki girma ne?
Yarinya: A'a Malam, duk ɗaya ne, tunda takardar ɗaya ce, ninkin ma ɗaya ne.
Malami: To me ya sa nasa ya fi?
Yarinya: Don shi ya ɗauki biyar, ni uku na ɗauka.

Amsar da ake nema ke nan, domin ta haɗa sharuɗɗan nan biyu da ƙidaya. Daga nan malami ya zana a allo, ya rubuta da alama, ya sauya lambobi sau uku ko huɗu.

Auna fahimta (minti 7): Yara su sa alamar da ta dace tsakanin 1/4 da 3/4, 7/8 da 2/8, 4/8 da 4/8. Sannan a ba su wannan tambaya da baka: manomi ya sami damin gero goma masu girma ɗaya, ya ba da ɗaya, ya sayar da uku, ya zuba shida a rumbu. Wane ɓangare ne ya fi yawa, wanne ne mafi ƙanƙanta?

Kammalawa (minti 3): Yara biyu su faɗi ƙa'idar da bakinsu, tare da dalilinta.

7.9 Kurakuran da Yara Suka Fi Yi

(a) Ƙirga kashin da ba a shafe ba a matsayin lambar ƙasa, kamar a rubuta 3/5 a inda aka shafe uku cikin takwas. Maganinsa shi ne a sa yaro ya fara ƙirga dukkan kashin ya rubuta lambar ƙasa, kafin ya dubi waɗanda aka shafe.

(b) Zana akwatuna biyu masu tsawo daban-daban. A mai da yaro ga misalin tiya da buhu.

(c) Juya alama. A sa shi ya fara faɗin jumlar da baki kafin ya rubuta.

(d) Ruɗewa a kan 8/8. A buɗe takardar a shafe duka, ya ga cewa sumuni takwas shi ne cikakken abin.

(e) Ɗaukar cewa duk inda aka ga babbar lamba nan ne mai yawa. Wannan shi ne kuskure mafi haɗari, domin ba ya bayyana a wannan darasi. Yaron da ya haddace "babbar lamba ita ce mai yawa" zai ci dukkan tambayoyin yau, amma ranar da aka tambaye shi 1/3 da 1/8 zai zaɓi 1/8. Domin a gano shi da wuri, malami ya riƙa jefa tambaya irin wannan: gurasa ɗaya, a raba ku uku ko a raba ku takwas, a ina za ka fi samu? Sannan kada ya taɓa faɗin ƙa'idar ba tare da farkonta ba, wato "idan lambar ƙasa ɗaya ce".

7.10 Kammalawa

An ga cewa lambar ƙasa suna ce, lambar sama kuma ƙidaya ce, sannan tsarin Hausa na sa suna kafin adadi yana taimaka wa yaro ya ji wannan bambanci a kunnensa. An kuma ga cewa kwatanci ba ya inganta sai kashin sun zama daidai, cikakken abin kuma girmansa ɗaya. Haka nan abin da ya faru a Dareta a 2010 ya nuna cewa sanin garin da malami yake aiki wani ɓangare ne na shirin darasinsa. Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka kada malami ya wadatu da amsa daidai, ya riƙa bin ta da tambayar "me ya sa?" har sai yaro ya saba kawo dalili da kansa.

7.11 Jinga

1. Bayyana bambancin da ke tsakanin "uku bisa biyar" da "kashi uku cikin biyar" da "humusi uku", ka faɗi wadda za ka fara koyarwa da ita da dalilinka.
2. Mace ta rasu ta bar miji da uwa da ɗa namiji ɗaya. Miji yana da rubu'i, uwa tana da sudusi, ɗan ya ɗauki saura. Mai da rabon kowa bisa lambar ƙasa 12, ka jera su daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta.
3. Kawo kayan koyarwa biyar da za ka yi amfani da su a makarantar da ke garin masu haƙar zinariya, da guda biyu da za ka guje wa, tare da dalilai.
4. Wani yaro ya ci dukkan tambayoyin kwatanta ɓangarori masu lambar ƙasa ɗaya. Tsara tambayoyi biyu da za su nuna maka ko ya fahimta ne ko haddacewa ya yi.
5. Shirya darasi na minti 35 a kan humusi, ka gwada shi a lokacin koyon aikin koyarwa, sannan ka rubuta rahoton shafi ɗaya a kan kurakuran da yaran suka yi.